Saƙon Ya Ce Talata

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da yara, da fatan aiki yana tafiya yadda ake so. Ka san ni da waya, in kuka ya zo mini ba mai tsintar komai a maganata, shi ya sa na zauna na rubuta, zan ɗauki hotonta in tura maka.

Yaya, ba lafiya ba. Inna tana kwance a asibiti tun ranar Litinin, ba ta san wanda ke kanta ba.

Bari in jero maka daga farko, ko ni ma kaina zai daina ɗaurewa. Ka san tun da masu wankin ƙoda suka fi na'urorin yawa, babu mai tsayayyar rana. Sista, babbar nas ɗin sashen, ita ke raba ranaku kowane mako, sai manhajar nan da Auta ya rubuta musu ta tura wa kowa saƙo ranar Asabar, ta gaya masa ranar da zai zo. Saƙon Inna ya ce Talata. Da idona na gani, ni na karanta mata.

Litinin da safe na shiga gaishe ta, na tarar ƙafafunta sun kumbura sumtum, numfashi sama-sama. Rabonta da wanki tun Alhamis. Na ce ta tashi mu tafi, ko ba ranarmu ba ce a duba ta. Ta kafe, wai saƙon Autanta ya ce Talata, ita ba za ta je ta cinye wa wani bawan Allah layinsa ba. Ka dai san Inna da Auta. Ko ce mata ya yi rana daga yamma take fitowa, cewa za ta yi dama ita ma ta lura. Ni kuma ga ɗinkin mutane a shago, mai shi ta hana ni sakat. Na bar wa maƙwabciya amanarta na fita.

Da la'asar maƙwabciya ta kira ni tana ihu. Ta sami Inna a ƙasa tsakanin gado da ƙofa.

Abin da na gani a asibiti har yanzu tsigar jikina tashi take. Ɗakin wankin da kullum ba masaka tsinke, wayam! Na'urori a kunne, gadaje a gyare, ba maras lafiya ko ɗaya. Sista tana hango ni ta taso da faɗa, wai ina muka shiga, tun safe suke jiranmu, yau ce ranar Inna, sun kira lambarta har sun gaji. Wayar kuwa tana wurin caji a bakin titi, don mun kwana biyu babu wuta, sai a hanya na karɓo ta. Na buɗe saƙon na miƙa mata. Ta kalli wayar, ta kalli farin allon da take rubuta ranaku, ta sake kallon wayar, sai kawai ta nemi kujera ta zauna. Ashe duk 'yan Litinin an ce musu Talata, 'yan Talata an ce musu Laraba, haka aka ture kowa gaba.

Nan take aka ɗora Inna a na'ura. Likita ya ce ruwa ya taru mata a huhu, zuciyar ma ta tsaya aka dawo da ita. Sai dai mu yi ta addu'a.

Can sai ga Auta ya iso. Abu ɗaya yake ta maimaitawa, wai ba zai yiwu ba, bai taɓa komai a manhajar ba, tun da ya haɗa ta ba ta taɓa yin kuskure ba. Na ce masa ruwa ba ya tsami banza, ya je ya nemo.

Ka sa ta a addu'a, Yaya. Ka gaida Anti, ka shafa mini kan yara.

Ƙanwarka.

*

Yayana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gida, yaya su Anti? Na ji ka ce ba ka iya barci. Ka daure ka riƙa cin abinci, kada mu tashi da marasa lafiya biyu.

Jikin Inna yana nan jiya-i-yau, sai dai ɗazu da na kira ta ta buɗe ido ta matse mini yatsa. Sista ta yi murna har da cewa za ta ajiye mata gurbin wanki a makon gobe.

Auta ya gano abin. Ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Ya zo ya same ni a benci a ƙofar ɗakin Inna, ido jawur, ya fara yi mini bayani da yarensu na masu kwamfuta. Na ce malam, ni tela ce, ka sauko ƙasa. To ga yadda na fahimta. Harshen da ake rubuta manhaja da shi yana zuwa da kayan aikinsa a haɗe, kamar yadda keken ɗinki ke zuwa da allurai da ƙoshiya. Mai rubutu ba ya zama ya ƙirƙiro kalanda da kansa, kayan nan yake ɗauka, kuma duk duniya su ake ɗauka. To da yake kowane yanki da irin tsarinsa, wasu rana suke fara rubutawa kafin wata, wasu wata kafin rana, wasu ɗigo suke sa wa lamba, wasu waƙafi, sai aka yi kayan da wayo. In mai rubutu bai faɗi tsarin da yake so ba, sai su tambayi kwamfutar da suke ciki, ke 'yar ina ce? Abin da ta ce, shi za su bi, ba gardama.

Har da farkon mako, Yaya! Ni a zamana na duniya ban taɓa sanin akwai saɓani a kan wannan ba. Ashe wasu daga Lahadi suke ƙirga mako, wasu daga Litinin, wasu ma daga Asabar. Na riƙe baki na ce oh ni, yanzu har ranakun Allah ma kowa da inda yake kama su?

Su kuma nas-nas ɗin sashen ba sa rubuta sunan rana, lamba suke sawa don sauri, haka suka gada. A wurinsu Lahadi ce ɗaya, Litinin biyu. Sista ta sa wa Inna biyu. Tsohuwar kwamfutar sashen daga Lahadi take ƙirgawa, sai bakinsu ya zo ɗaya da su Sista, shi ya sa tsawon lokacin nan ba a taɓa jin kansu ba. Auta ya ce sunayen ranaku da tsarin kwanan wata da agogo duk ya ɗaure su da hannunsa, har ya sa saƙon ya riƙa fita da Hausa saboda Inna. Farkon mako ne kaɗai ya bari a sake, don bai taɓa kawowa a ransa cewa abu ne mai canzawa ba.

Sai tsohuwar kwamfutar ta mutu, aka kwashe komai aka zuba a sabuwa. Sabuwar kuwa saitin yankin da aka sayo ta ke kanta, can daga Litinin ake ƙirgawa. Ta ga biyu, ta ce Talata. Waɗanda aka tura Asabar ma ba su yi mamaki ba, tunda sashen yakan buɗe Asabar in aiki ya taru.

Yaya, sabuwar kwamfutar ita ce wadda ka aiko.

Na yi ta juya alƙalami kafin in rubuta layin nan. Na so in ɓoye, amma na san ka, za ka ji a bakin wani, kuma ba za ka yafe mini ba. Wallahi da Auta ya faɗa, sai da na ce ya maimaita. Kyautar da ka yi don a ji daɗin kula da Inna, wadda ta sa aka yi ta sa maka albarka a sashen! Ni na kai ta da hannuna, a cikin kwalinta, ina ta washe baki.

Haushi kuwa na ji shi. Na zazzage Auta tas a gaban mutane, na ce duk karatun nasa da gilashin idonsa bai san ya tambayi na'ura ƙasarsu ba? Daga baya kunya ta kama ni, don ni ce na ga ƙafafun nan na sa takalmi na tafi shago. Da na sani ƙeya ce.

Kada ka kira shi da faɗa, don Allah. Ko ruwa sai na tsaya a kansa yake sha.

Allah ya tashi kafaɗunta. A gaida kowa da kowa.

Taka ƙanwa.

*

Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri? Yaya haƙurin Anti da yara? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta, ya ba mu juriyar rashinta.

Ranar Juma'a da na kira ka ban iya ce maka komai ba sai cewa ta cika. Ka yafe ni. Ba ta wahala ba a ƙarshen, ina riƙe da hannunta, numfashin ya yi ta raguwa har ya tsaya. Na san rashin samun damar zuwa yana cin ka. Mutane sun taru sosai, har waɗanda suke layin wanki tare da ita sun zo, wasu da sandunansu.

Abin da ka faɗa a waya, wai kai ka kashe ta, kada in sake ji. Na ce kada in sake ji, Yaya! In rabon laifi za a yi, ni ma a auna mini nawa, Sista ma da lambobinta ta ce a auna mata. Kwana ne ya ƙare. Ina faɗa maka haka, ina faɗa wa kaina, wani lokacin in yarda, wani lokacin in ƙi.

Auta ne damuwata. Tun kafin ta rasu ya gyara manhajar. Yanzu ba ta tambayar kwamfuta komai, ya rubuta mata ƙarara daga inda za ta ƙirga, ya gwada ta a saitin yankuna iri-iri har Sista ta ce ya isa haka. Ita ma ta hana sa lamba, sunan rana ake rubutawa ɓaro-ɓaro. Sauran marasa lafiyar duk an same su a kan lokaci, Inna ce kaɗai abin ya faɗa wa. Amma shi tun ranar ko ɗigon hawaye bai yi ba. Yana zaune cikin masu gaisuwa zugum, a ce masa ya haƙuri, ya ce da godiya, shi ke nan. Gara ya yi ihu in san da rai a jikinsa.

Abin da ya sa na ɗauko takarda shi ne wanda ya faru ranar Asabar.

Ina ɗakin Inna ina ninke kayanta, mata cike da tsakar gida, sai na ji wayarta ta yi ƙara a ƙarƙashin matashi. Na ɗauko na duba. Saƙon asibiti ne. Gurbin nan da Sista ta ajiye mata ranar da ta buɗe ido, a cikin ruɗani babu wanda ya tuna ya cire sunanta. Saƙon yana gaishe ta, yana yi mata fatan sauƙi, yana gaya mata ranar da za ta zo wanki. Na tsaya da wayar a hannu kamar an dasa ni.

Ina ɗagowa na ga Auta a bakin ƙofa. Ya san ƙarar, shi ne ya saka mata ita. Na yi niyyar tura wayar cikin kaya, amma ya riga ya gani. Bai tambaye ni na wane ne ba. Cewa ya yi, a hankali, wace rana ya ce?

Na ce Litinin.

Ya gyaɗa kai, ya ce daidai ne, Litinin Sista ta sa mata. Sai ya sulale a jikin ƙofar ya zauna a ƙasa, ya fasa wani irin kuka da ban taɓa jin namiji ya yi ba, yana ta cewa daidai ne, Inna, wannan daidai ne. Ban hana shi ba, na zauna kusa da shi muka yi tare.

Ka kira shi, Yaya. Ba sai ka yi doguwar magana ba, ya dai ji muryarka.

Ina gaida Anti da yara. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce ƙanwarka.