Ka Ɗaga Mata Hanci, Ka Bar Cikinta a Ƙasa

Zuwa ga Alhaji, mai garejin nan na cikin garin Magaria da ya ɗaga mini gaban mota.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ba zan kama sunanka ba, albarkacin furfurarka da kuma mutuncin da ke tsakaninka da marigayi mahaifina. Ka san kanka, ka kuma san ni. Habu ne, mai farar akori-kurar nan, daga karkarar Yekuwa. Sau biyu ina zuwa garejinka da wannan magana, sau biyu kana sallamata a tsaye, waya na manne a kunnenka. Shi ya sa na rubuta a fili, don direbobin da ke bin layi a ƙofarka su ma su ji.

Kafin komai, ka san matsayin motar nan. A ƙauyenmu da ƙauyuka huɗu da ke kewaye da mu babu wata mota sai ita, sauran duk amalanken shanu ne. Ita ke kai wake da gero da awaki kasuwar Waca da ta Dungass. In haihuwa ta gagara, ko maciji ya sari mutum a gona, ƙofata ake bugawa. Da sunana aka yi takardunta, amma kowa a wajenmu "motarmu" yake ce mata.

Na ɗaya, abin da na kawo maka. Na gaya maka hanyoyinmu amalanke ne ya yi su: rami biyu masu zurfi inda tayoyinsa ke bi, da tudun yashi a tsakiya. In na yi lodi, fon na baya, wato dunƙulen ƙarfen nan da ke tsakanin tayoyin baya, sai ya kafe a kan tudun. Mota ta rataye, tayoyi na juyawa a banza, fasinja su sauko mu yi ta tono da shebur da hannu. Na kuma faɗa maka da bakina cewa motata ba ta tafiya wayam. Buhu takwas na wake da mutane a kai, shi ne tafiyarta ta kullum. Ka gyaɗa kai, na ɗauka kana saurare.

Na biyu, abin da ka yi. Ka sa aka ajiye ta a kan siminti, babu ko ƙwayar wake a bayanta. Ka zaro metir ka auna gaba, ka auna baya, ka nuna mini bayan ya fi gaban tsawo da yatsa huɗu. Ka ce ai ga ciwon nan a fili, hancinta ne ya yi ƙasa. Ka buɗe wayarka ka yi ta nuna mini hotunan motocin ƙasashen waje, kowace ta miƙe tana sheƙi, ko ɗaya ba ta ɗauke da buhu. Daga nan ka sa wasu zobba biyu masu kauri na ƙarfe a saman resor, wato sifirin, na gaba. Ka sake aunawa, gaba da baya suka zo daidai wa daida, ka tafa mini kafaɗa.

A nan zan amsa laifina, don ban zo in wanke kaina ba. Wallahi ta burge ni. Da na shiga tasha mutane suka kewaye ta, ni kuwa ina ta zagaye ina gyara hula kamar ango. Wautata ke nan, na ɗauka. Amma ni direba ne, sitiyari na sani. Kai ne ka tsufa a ƙarƙashin mota, kai na biya don ka san abin da ban sani ba.

Na uku, abin da ya biyo baya. Ranar da na fara yin lodi, baya ya zauna kamar yadda ya saba, hanci kuwa ya nufi sama. Sai na miƙe wuya nake ganin hanya. Sitiyari ya yi sakayau a hannuna, ina juyawa tana amsawa a makare. Shi kuwa fon da na zo dominsa, a daidai tudun da ya saba kafewa, kusa da rijiyar makiyaya, a nan ya sake kafewa. Na kira ka, ka ce sabon aiki ne, zai zauna, in ƙara haƙuri. Na yi haƙuri mako uku.

Ranar wata kasuwar Waca, bayan kaka, da hantsi, na ɗauko buhu takwas da mata biyar. A hankali nake tafiya, yashin ma ba ya barin mutum gudu. Sai na ji ƙaras! Tayar gaba ta hagu ta naɗe ta shige ƙarƙashi, mota ta durƙusa a gefe guda. Inna Ta-Sallah, tsohuwa mai sayar da daddawa, ta wuntsulo daga kan buhu ta faɗi a kan hannunta. Ƙashin ya karye a wuyan hannu. Alhaji, matar nan ita ta goya ni lokacin da uwata ke jinya. Ina ɗaga ta daga ƙasa, hannu na reto, ita kuwa tana tambayata ko ban ji ciwo ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Na huɗu, abin da na gano daga baya. Wani makanisiyan daga Dungass ya zo a kan babur ya duba ta a wurin. Bai ɗau lokacin da shayi ke tafasa ba ya warware mini komai. Ya ce da gangan ake ƙera bayan akori-kura da tsawo, don in kaya ya hau ta zo daidai. Ɗaga gaba kaɗai na motar da ke yawo wayam a cikin gari ne. Zobban da ka sa sun miƙar da rotil, mahaɗin da ke riƙe tayar gaba, fiye da iyakarsa, ramukan hanya suka ƙarasa shi. Ya ce kuma ko jikin mota ya kai rufin ɗaki, fon na baya ba ya tashi sai an sa taya mai ɗan tsawo. Abin da ya dace da ni shi ne irin wannan taya, da ƙarin ganyen resor ɗaya a baya. In kuwa ɗagawa ake so gaba ɗaya, to akwai cikakken kayanta, har da hannuwan ƙarfen da ke riƙe taya da komai, ba zobe biyu ba. Ina tsaye a rana ina jin wannan bayani, abin da ke cina shi ne na san ka san shi tun kafin a haifi mutumin nan.

Na biyar, amsarka. Da na zo maka, cewa ka yi lodi ne ya yi yawa. Haba Alhaji! Akori-kura don me aka yi ta, don kai amarya yawon gari? Shekara shida tana ɗaukar wannan lodi a kan wannan hanya, taya ba ta taɓa naɗewa ba sai da motar ta kwana a garejinka. Kuma adadin buhunan nan na faɗa maka shi kafin ka taɓa ko ƙusa ɗaya. Zuwa na biyu ma ko wannan ban samu ba, hannu kawai ka ɗaga mini.

Ga abin da nake nema. Ka cire zobbanka, ka mayar mini da gaban motata yadda ka same shi. Hannun ƙarfen tayar gaba da ya lanƙwashe a haɗarin ba a samunsa a wajenmu, kai ke da masu kawo maka daga Kano, kuma ɗan abin da na samu a kakar bana ya tafi wajen ɗorin Inna. Sa'an nan duk direban ƙauye da ya kawo maka mota, ka tambaye shi me take ɗauka da kuma inda take bi, ka auna ta da kayanta a kai. Na ƙirga motoci uku a tasha da ka ɗaga wa hanci bayan tawa, dukkansu masu jigilar 'yan kasuwa ne. Ka kira su tun ba a ɗauko wani a tabarma ba. Na ƙarshe, ka taka ka je ka gai da Inna Ta-Sallah. Ba ta nemi komai ba, ni ne nake nema mata.

Kada ka ga kamar na matsa. Motar tana ƙofar gidana yanzu, a kan duwatsu. Makon jiya da azahar, naƙuda ta tsananta wa Hadiza, matar maƙwabcina Isufu. Ya rugo gidana kamar yadda kowa ya saba. Ya tsaya a ƙofa, ya dubi motar, ya dube ni, ya juya ya je ya ɗaura shanu. A gabana suka wuce da ita kwance a amalanke, uwarta na kare mata rana da zane. Tafiyar da nake yi cikin rabin awa, sai bayan la'asar suka isa likita. Hadiza ta tashi, alhamdu lillahi. Jaririn bai zo da rai ba. Ban ce kai ne ba, rai na Allah ne, kuma wataƙila ko da mota haka za ta kasance. Amma ni da Isufu sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci sau biyar a yini, kuma akwai wasu mata biyu a ƙauyen da watansu ya kama.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a sana'arka, ya tsare hannunka daga zama sanadin kukan wani. Ya ba ka ikon jin wannan magana tun da sauran lokaci.

Wassalam.

Naka,
Habu direba, daga karkarar Yekuwa.