Kafaɗar Gaban Akwatin Baba

Waterford, 9 ga Oktoba, 1991

Zuwa ga yayana Cathal,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Boston, kai da Attracta da yara. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Goggo Philomena ta matsa mata, amma bakin yana nan garau. Ruwan sama kuwa mako uku ke nan bai ɗaga mana ƙafa ba.

Yaya, ba zan yi kewaye-kewaye ba. Jikin Baba ya yi tsanani, likita ya ce da wuya ya ga Kirsimeti. Na san abin da za ka ce, ni ma ban manta ba. Ban manta ranar da Fada ya kira sunansa a coci ya ce duk wanda ya zaɓi Malachy Devane ya zaɓi wuta, Mama ta kama hannunmu muka fita mutane suna janye riguna. Ban manta duwatsun da suka fasa mana taga ba, da yadda aka hana ka ko aikin dako a tashar jirgin ruwa saboda kai ɗan kwaminis ne, har ka ɗauki sunan dangin Mama ka bar ƙasar. Baba ke nan, mutumin da ya fara dako yana da shekara goma sha shida, ya ja yajin aiki uku, ya shugabanci jam'iyyar kwaminis shekara talatin da ɗaya, ya tsaya zaɓe sau bakwai ya sha ƙasa sau bakwai! Mu kuwa muna cin dankali gaya, shi yana Mosko ana tafa masa. Tsarabar da ya taɓa kawo wa Mama hular gashi ce, ita ma kansa ta ƙare. Wallahi har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

To ka ji sakayyar da ya samu. Da bazarar nan, da abubuwa suka rushe a Rasha, Fintan Cregan, wanda Baba ya koya wa har riƙe lasifika, ya tara kwamiti a bayan idonsa suka sauke shi. A jarida ya gani, layi huɗu. Tun ranar bai sake buɗe jarida ba.

Shekaranjiya da hantsi ya sa na ɗauko biro, wai in rubuta mutum shidan da za su ɗauki akwatin gawarsa a kafaɗa daga gida zuwa maƙabarta. Ya ce shi ba mai kuɗi ba ne da za a tura shi a mota kamar kayan shago. Ya lissafa tsofaffin abokan dakonsa huɗu da mijina Oisín. Na ce saura ɗaya, ta gaba a dama. Ya harare ni ya ce, “Ke Dervla, ta gaba ai ta ɗa ce, ko sai na koya miki wannan ma?” Shekara ashirin da shida ban ji ya ambace ka ba, ranar ma bai iya furta sunan ba. Fuskarsa ya juya bango.

Jiya kuma sai ga Cregan da jar tutar jam'iyya a naɗe cikin leda da kwalin biskit. Ko kunya babu, ya ce tunda ɗan gidan ya zama Ba'amurke, shi zai tsaya a gaba a madadin jam'iyya, har ya yi magana da mai hoto. Goggo ta ce masa, “Kai Fintan, ka kayar da shi yana raye, yanzu kuma ɗaukarsa kake so? Ajiye biskit ɗin ka kama gabanka.” Ya fita yana murmushi, don ya san gurbin yana nan babu kowa.

Ban ce ka yafe masa ba, ni kaina ban gama ba. Ni na wanke shi, ni na ba shi shayi a cokali, ni na sha zagin gari bayan ka tsere, kuma ina jin haushinka kan wannan, gara ka sani. Amma Cregan ba zai taɓa akwatin ubanmu ba. Na gaya wa Oisín idan ba ka zo ba ni zan shiga gurbin. Ya ce mace ba ta ɗauka a garin nan, na ce a kaina za a fara. Har mun gwada da tsohuwar ƙofa a bayan gida, ni da shi da tsofaffin nan. Kafaɗata ba ta kai tasu ba, ƙofar sai rinjayowa take ta wajena. Haka akwatin zai bi titin tashar jirgi a karkace, kowa ya ga inda ya kamata ka tsaya.

Ka gaishe mini da Attracta, da Colm, da Sorcha mai sunan Mama. Goggo Philomena da Oisín suna gaishe ka. Baba bai ba da saƙo ba, amma ya tambaye ni sau biyu kwana nawa takarda take yi kafin ta kai Amurka.

Ƙanwarka,
Dervla