Ramin da Ban Soka wa Rodi Ba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ni lafiyata ƙalau.

Sai dai na yi ganganci. Ka san Baba ba ya yanka kuɗin rami sai ya soka rodi a ƙasa. Ni kuwa wani mai gida ya ba ni haƙar masai, na kalla da ido kawai na yanka. Ƙafa biyu muka haƙa, sai dutse. Aikin kwana uku ya kai mako uku, leburori sun gudu. Na roƙi ƙari, mai gidan ya ce, "Magana ɗaya muka yi."

Don Allah ka sayar da awakina in yi hayar injin fasa dutse. In Inna ta tambaya, ka ce aiki ya yi mini yawa. Ba ƙarya ka yi ba.

Ƙaninka.