Iyakar da Ke Komawa Gidan Jiya

Litinin, 1 ga Satumba

Da safe na buɗe ofishin ƙungiyarmu ta manoma, na tarar da allon saba, wato babbar kwamfutarmu, cike da layi ɗaya na Turanci, yana ta maimaita kansa. Saƙon ruwa bai fita ba. Wannan akwatin shi ne aikina: masu duba kogi su turo masa tsayin ruwa, manoma su tambaye shi ta waya, in ruwa ya taso ya gargaɗi kowa. Na ɗauki hoto na tura wa Malama Aziza, injiniyarmu da ke Kano. Ta ce ma'anarsa fayilolin da ke buɗe sun yi yawa. Wai duk wayar da ta shigo sai an buɗe mata fayil, kuma an yanka wa sabar iyaka, dubu da ashirin da huɗu. Na ce kamar kwalekwale ke nan, in ya cika sauran su tsaya a gaɓa. Ta ce haka ne. Ta karanta mini wani layi harafi-harafi na buga, iyakar ta ɗaga, saƙo ya fita.

Laraba, 3 ga Satumba

Jiya hadari ya haɗu, Alhaji Umara, shugabanmu, ya ce a zare komai daga wuta. Tun da tsawa ta ƙone masa talabijin ba ya wasa da wannan. Na zare. Yau da na kunna, iyakar ta koma gidan jiya. Malama Aziza ta ce gyaranmu rubutu ne a kan rairayi, da an kashe ya goge. Na dindindin sai an rubuta shi can cikin saitin sabar, kuma wurin a kulle yake, sai da babbar kalmar sirri. Ita ba ta da ita. Malam Sunusi ne ke da ita, wanda ya kafa sabar.

Abin da na lura: ana kashe ta ne in za a yi ruwa, mutane kuma bayan ruwa suke dafifin tambaya. Wato ranar da aka fi bukatarta, ranar take ƙarama.

Asabar, 6 ga Satumba

Na yi wa Alhaji maganar Malam Sunusi. Ya ce, "Ni zan bi yaron da aka haifa a gabana?" Asalin rigimar kowa ya sani. Ranar buɗe ofis Alhaji ya gode wa kowa a lasifika, har mai shayi, ya manta da sunan Sunusi. Shi kuma ya tattara ya koma garin Malam Madori. Na kira shi da kaina. Ya ce, "Usaini, ba ni da matsala da kai. Wanda ya iya lasifika ai ya iya waya."

Na ce to. Ni kullum to.

Talata, 9 ga Satumba

Yaya Gumsu ta kira daga Auyo. Shinkafarta ta fara ja, saura kaɗan. Tun rasuwar mijinta ita ke riƙe da gonar nan da yara. Ta ce, "Ƙanena, in yanka ko in jira? Ɗanya ba ta auki." Na ce ta jira, in ruwa ya taso saƙo zai zo mata da wuri. Ta yi dariya, wai akwatina ya zama liman, sai ya ce amin.

Alhamis, 11 ga Satumba

An yi ruwa, an zare, na kunna, na buga layin. Hannuna ya haddace shi, ni ban san me yake cewa ba.

Juma'a, 12 ga Satumba

Da hantsi hadari ya taso, aka zare. Muka tafi masallaci. Ruwa ya tsare ni a rumfar masu kifi, babur ya ƙi tashi. Alhaji ya riga ni komawa, ya ga gari ya washe, ya kunna sabar da kansa, da kyakkyawar niyya. Bai san da layin ba, ko ya sani ya manta. Kafin in iso da la'asar wayoyi sun cika ta maƙil. Masu duba kogi sun yi ta turo cewa ruwa na hawa, saƙonsu yana gaɓa tare da na kowa.

Na buga layin, gargaɗi ya fita. A makare.

Lahadi, 14 ga Satumba

Na je Auyo, rabin hanya a kwalekwale. Gonar Yaya ta zama tafki, sai kan zangarniya nan da can. Mun shiga ruwa har ƙirji mun yanko abin da hannu ya kai. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ka ci abinci kuwa?"

Alhaji ya ce ƙaddara ce. Na yarda ƙaddara ce. Amma kogi bai gama ba, kuma akwai gonakin da ke tsaye har yanzu.

Laraba, 17 ga Satumba

Jiya na ɗaure damin shinkafar Yaya a bayan babur, wadda ta fara wari. Na kai ƙofar Malam Sunusi na ajiye. Ya fito yana toshe hanci, ya ce mene ne wannan. Na ce godiyar da ba a yi masa a lasifika ba ce na kawo. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Na ce ba zan tashi ba sai da shi. Ya daɗe yana kallon damin, sannan ya shiga ya sako takalmi.

Yau da safe suka haɗu a ofis. Alhaji ya fara, "Yaro, ai da ka..." Na ce, "Baba Alhaji, a bari sai an gama." Wai na ɗaga murya. Ban jin na ɗaga. Alhaji dai ya ja kujera ya zauna.

Aikin bai kai tafasar shayi ba. Malam Sunusi ya buɗe, Malama Aziza tana faɗa ta waya, ya rubuta iyakar a inda ba ta gogewa, ya kuma ba ta kalmar sirrin. Na ce a gwada a gabana. Na zare wuta da hannuna, na mayar. Lambar ta dawo babba, ba tare da layina ba.

Ban ji daɗi yadda na zata ba. Abin da bai kai tafasar shayi ba.

Na rubuta ne don kada gobe a ce ba a yi ba. Alhaji Umara ya gani. Malam Sunusi ya gani. Malama Aziza ta gani ta waya. Yaya Gumsu ma tana wurin, ta shigo gari neman irin rani, tana bakin ƙofa. Sai dai ita ba allon take kallo ba, ni take kallo.