Kwamfutar da ke Jiran Baba

Gusau, ranar Laraba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Hajiya Hadiza da yara. Ya Legas, ya aiki, ya ciwon bayan nan naka? Mu nan lafiya lau.

Ƙwaƙwalwar kwamfuta da ka aiko na saka ta a kwamfutar nan da na harhaɗa. Maimakon ta ƙara gudu, sai ta koma tafiyar hawainiya. Na cire na mayar, na duba fanka, na goge tarkace, shiru. Ga shi Baba ya zo daga Rawayya ta Bungudu don in buga masa tarihin gidanmu, tun mantuwar nan ba ta ci ƙarfinsa ba.

Duk lokacin da muke jiran shafi ya buɗe, sai ya lumshe ido ya shiga labarin da babu shi a takardarsa: farar saniyar marigayiya Inna, tsamiyar bakin rafi, ranar da ka ɓace aka tsince ka kana barci a gonar dawa. Har ƙamshin ruwan farko nake ji a ɗakin.

Jiya na gano matsalar. Akwai wani maɓalli mai rage gudu a gaban akwatin kwamfutar, ashe na danne shi garin rufewa. Ina sakinsa, sai ta kama gudu kamar walƙiya. Baba ya karanto mini shafi biyar, bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

Yau da safe na sake danne maɓallin. Kada ka faɗa wa Baba.

Ka sa Baba a addu'a, Allah Ya bar mana shi. A gaida 'yan Bungudu da ke wajenku.

Ƙanenka,
Bello