Angon Da Ba Zai Ci Alkakin Bikinsa Ba

Bodinga,
Bayan Ƙaramar Sallah, 1983.

Zuwa ga Atika, sanyin idona, ruwan farko a kan gonar da ta gaji da jira, furen bado a tsakiyar tafki, farar kurciyar garin Shagari.

Aminci ya lulluɓe ki kamar yadda ganyen gero ya lulluɓe ƙasa tsakanin garinku da namu a wagga damina. Mai rubuto miki shi ne Mainasara tela, wanda iyayensa suka raɗa wa suna da kyakkyawan fata, sai ga shi akushi ɗaya na finkaso ya kayar da shi warwas a zauren gidanku.

Tun ranar Sallah ba ki aiko ba, na aika gaisuwa ba ta dawo da amsa ba. Ban ga laifinki ba, ya zumar farar saƙa. Da ni ne ke, da ko sunan wannan tela ban ƙara ambata ba. Amma ki ba ni aron idanunki masu kama da na barewa, ki karanta har ƙarshe, sannan ki yanke mini hukunci.

Kin tuna ranar da na fara ganinki? Ranar kasuwarku ce, na kai wa wani ɗinkinsa, na iske ki a ƙofar gida kina sayar da taliyar da kuka murza ke da Inna. Kika ɗago kai kika ce, "Malam, a sa yaji?" Na ce a sa da yawa, ni da ko daka barkono ake yi a maƙwabta sai na wuni ina atishawa. Na ci ina hawaye, kina tsammanin yaji ne, ni kuwa ina tsammanin so ne. Daga ranar babu kasuwar da ta ci ban zo ba. In na cinye faranti ɗaya sai in ce a ƙaro, don dai in ƙara zama inda muryarki ke sauka a kunnena kamar yayyafi a kan rufin ciyawa.

Abin da ba ki sani ba shi ne yadda nake komawa gida. Da na hau keke na bar garinku sai cikina ya fara kiɗa, ya kumbura kamar salkar ruwa, ya murɗa kamar ana matse wanki. Ki gafarce ni da kawo wannan zance a takardar da ta kamata ta yi ƙamshin turare, amma babu gonar da ke bakin hanyar nan da ban jingine keke na shiga na gaishe ta ba. Da manoman suna da adalci, da sun ware mini dami a kaka.

Na yi ta ramewa, ina kuma alfahari da ramar. Wace shaida masoyi ke nema da ta wuce wannan? Na rage ƙugun wandona da hannuna, na sake ragewa, har ya zama babu wanda ke kawo mini aiki a kai a kai kamar ni kaina. Abokai suka ce son Atika zai kashe Mainasara, ni kuwa ina jin daɗi, ina tafiya da ƙafafu irin na zalɓe, ina ganin duk ƙasar Sakkwato ba a yi masoyi kamata ba. Kowa ya yi kore da damina, ni kaɗai na tsaya tsirara kamar gawo. Mahaifiyata ba ta ga abin alfahari ba. Ta ce ciwon shawara ne, wasu suka ce tsutsar ciki, wasu suka ce an yi mini jifa. Na sha saiwa, na sha sassaƙe, na sha abin da ko akuya aka ba sai ta yi ƙara wurin alƙali.

Ana saura kaɗan a kama azumi na kife a kan keken ɗinki, yayana Ummaru ya kwashe ni zuwa asibiti a Sakkwato. Likitan ya duba fararen idanuna, ya danna cikina, ya ce in faɗa masa abin da nake ci. Na ce shayi da burodi da safe, fanke da hantsi, taliya ranar kasuwa. Na so in gaya masa ainihin ciwona yana Shagari sanye da atamfa, amma na ga ba shi da fuskar mai sauraren waƙa. Bayan gwaje-gwaje ya ce in bar duk abin da alkama ta shiga, in dawo bayan wasu makonni. Da na koma, ga ciki ya lafa, ga nauyi ya ƙaru. Ya ce sunan ciwon siliyak: hanjina ne ke ɗaukar alkama abokiyar gaba, in ta shiga sai ya yi ta yaƙi har ya ƙuje kansa, abinci ya riƙa wucewa ba tare da jiki ya amfana ba. Babu ƙwaya, babu allura. Maganin kawai in rabu da alkama da sha'ir har ƙarshen raina.

Kin ji yadda aka ƙwace mini sarautar masoya. Ramar da nake taƙama da ita ashe ta fulawa ce.

Ta yaya zan faɗa miki? Da wane baki zan ce wa yarinyar da taliyarta ta fi ta kowa a Shagari, hannunki mai albarka ne ke kwantar da ni? Azumi ya rufa mini asiri, tunda kun ajiye sana'a. Na ce in an sha ruwa zan faɗa, na ce gobe, na ce jibi, har Sallah ta riske ni da maganar a baki.

Sauran kin san shi, ko da yake daga bayan labule kika gani. Na zo barka da Sallah, ina zaune a zaure da Baba da wanki Yaya Malami, sai ga akushi daga wurin Inna: finkaso mai taushi, yana tururi, ga miyar taushe. Na san abin da fulawa ta zama a bana. Na ga mutane a layi tun safe a Sakkwato suna komawa hannu wofi, na ga burodi ya ƙanƙance ya koma kamar sabulun wanka. Daga baya na ji har garin Horo Birni Inna ta aika aka samo mata alkamar nan, ta niƙa da kanta, don ni. Na miƙa hannu, na tuna kifewata a kan keke, na janye. Yaya Malami ya dube ni ya ce, "Mi ya hana ka ci, Mainasara? Ko hinkason gidanga bai kai ba?" Ni kuwa, gwanin zance, sarkin hikima, na buɗe baki na ce na ƙoshi. A daidai lokacin cikina ya yi ƙugin da har Baba ya waiwaya ya duba ko hadari ne ya taso.

Akushin ya koma ciki yadda ya fito. An ce Inna ta zauna ta dube shi, ta ce ko dai na raina su, ko ina tsoron an sa mini wani abu. Wannan maganar ta fi duk murɗar da cikina ya taɓa yi ciwo, Atika. Matar da ke kirana ɗanta tun ban kai kayan gaisuwa ba, ita zan zarga? Na kunyata ta a gaban mijinta da ɗanta, don kawai ina jin nauyin a ce saurayi yana da lalurar ciki.

Ga yadda nake rayuwa yanzu, don kada ki sayi abin da ba ki gani ba. Hura da nono, tuwon dawa, tuwon gero, masar shinkafa, wake, rogo, dankali, duk nawa ne, kuma suna zama lafiya. Amma na zama mai tambayar da ke gundurar mutane. In zan sayi ƙosai sai na tambaya ko an soya fanke a man. Na daina kai niƙa inji, don injin da ya niƙa alkama yakan bar saura, sai dai a daka mini a turmi. Sau ɗaya na ce bari in gwada ko likita ya yi ƙari, na ci ɓarin fanke, na kwanta har aka fara zuwa dubiya. Mai shayin unguwarmu yana ganin talauci ne ya raba ni da burodi. A wannan shekara muna da yawa a kan bencin masu shan shayi haka nan babu burodi, ni kaɗai ne dai nake da likitan da zan fake da shi.

In kin aure ni, ya tauraruwar asuba, za ki auri mutumin da sai an ware masa rariya da muciya da tukunya. Ranar da aka kawo gara, alkaki da dubulan za su zaga dangi da maƙwabta, ango yana gefe riƙe da nakiya yana haɗiyar yawu. Sana'arki ba zan hana ki ba. Zan kafa miki rumfa daban a tsakar gida, in riƙa wucewa ta nesa ina gaishe da taliya kamar surukar da ake jin kunya. Ba ƙaramin abu nake roƙo ba, na sani. Akwai samari a Shagari masu cikin da ke niƙa dutse. Amma wane ne a cikinsu zai ji sanyin inuwarki kamar wanda ya daɗe a rana? Wane ne zai riƙe ki kamar wanda ya riga ya san yadda ake rabuwa da abin da ake so, ya kuma san ke ce kaɗai ba zai iya rabuwa da ke ba?

Ki karanta wa Inna abin da ya dace da kunnenta, ki tsallake zancen gonaki. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci zan zo tare da Ummaru, in durƙusa a gabanta in faɗi gaskiya da bakina, in nemi gafara. In ta huce, ki leƙo zaure ko da gefen mayafinki ne in gani. In ba ki leƙo ba, zan gaida Baba in hau kekena in koma, Juma'a ta sama kuma in sake zuwa, da wadda ke bin ta. Yanzu ina da ƙarfin zaryar.

Naki, da ciwonsa da lafiyarsa, muddin numfashi bai bar ƙirji ba,
Mainasara.