Wuƙar Preben

Yaya Halina,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Mama, ya yara? Ki ce mata lafiyata lau a nan garin Esbjerg, kada ramar da ta gani a hoto ta dame ta.

Aikina a masana'antar kifi shi ne wanke famfon da ke ɗiga sinadari cikin ƙazamin ruwa. Ba na kwance shi sai na kashe wuta, na ɗauraye bututun, na sa safar hannu ta roba da tabarau. Abin da ke fitowa kamar majina, ga wari har cikin gashi.

Shugabanmu Preben kuwa da wuƙar aljihunsa yake kankare bakin famfon, ya goge a wando. Ran Juma'a, da muke karyawa tare, da ita ya shafa min bota a burodi.

Na ce, "Maigida, wuƙar nan fa?"

Ya ce, "Ji ɗan gata! Sinadarin ai ƙwayar cuta yake kashewa. Ci!"

Shi zai ce a riƙe ni ko a sallame ni. Na haɗiye, Yaya.

Washegari na saya masa wuƙar burodi sabuwa fil. Ya ji daɗi ƙwarai, wai ta fi tsohuwar daɗin kankare famfo.

Ki aiko min da maganin cikin nan na Mama.

Ƙaninki,
Wiesław